Keken Inna da Aka Raba Uku

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta tambaya, wadda ta zo aron turmi sai ta tambaya: Asabe, wai ina kika shiga ƙofarki ta yi kwana da kwanaki a rufe? Har na ji an ce aure na je na yi a ɓoye. Allah ya shirye ku. To ga labarin nan zan ba ku gaba ɗaya, kada wadda ta sake tare ni a bakin famfo.

Kun san sana'ata. Ina ɗinki, ina kuma dillancin tsofaffin kekunan ɗinki, irin baƙaƙen nan masu zanen ruwan gwal a jiki. Maza masu sayen tsohon ƙarfe iyakarsu zaure, ni kuwa har ƙuryar ɗaki nake shiga in leƙa ƙarƙashin gado, kuma can ake samunsu. Wasu in gyara in sayar, wasu in gyara in kasa rabuwa da su. Shi ya sa in kin shigo ɗakina sai kin gusar da keke kafin ki sami wurin zama. Tun da maigidana ya rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, kekunan nan su ne abokan zamana a Dutse.

Abin da ba ku sani ba shi ne labarin teburin nan da ke jikin taga, wanda na ɗora a kan bulo, ba kai ba ƙafa, sai rami a tsakiya. Na keken Innarmu ne. Mu mutanen Buji ne asali, kuma da wannan keken Inna ta raine mu mu uku: Yaya Habu, ni, da autarmu Larai. Da ta rasu aka zo rabon gado, malamin da ya zo ya ce a sayar da keken a raba abin da aka samu. Muka ce ba a sayar da keken Inna. Ya ce to ɗaya ya riƙe ya fanshi sauran. Nan ma aka rasa mai sallamawa, don kowa shi yake son ya riƙe. Da abin ya ishi Kawunmu sai ya aika aka kawo masa sukudireba, ya zauna a tsakar gida ya kwance keken. Ya ce kan keken shi ne kaso biyu, na namiji ne. Ni aka ba ni teburi, Larai aka ba ta ƙafafun ƙarfe da matakin. Malamin ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan rabo ba, amma tunda mun yarda, Allah ya sa albarka.

Ba faɗa muka yi ba, kada ku ce. Yaya ya koma Jahun yana koyar da karatu, Larai aka kai ta wani ƙauye a hayin kogi bayan Miga, ni aure ya kawo ni nan. Da farko muna haɗuwa a suna da biki, daga baya sai a gaisuwar mutuwa, daga baya kuma sai saƙo a bakin direba, har saƙon ma ya ɗauke. Duk keken da na saya sai na gwada kansa a ramin teburin nan, babu wanda ya taɓa zama daidai.

A daminar bana zazzaɓi ya kwantar da ni. Na yi kwanaki ban fita ba, ba wanda ya lura, sai da wata mai ɗinki ta gaji da bugun ƙofa ta leƙo ta taga. A kwancen nan ba abin da nake kallo sai teburin. Na ce wa raina, in Allah ya tashi kafaɗuna zan je in karɓo kan, in karɓo ƙafafun, in haɗa keken Inna a ɗakina in riƙa jin ƙararsa kafin in mutu. Da na ji ƙarfi na sayi dabinon tsaraba da sabulu, na kulle ƙofa, na nufi tasha.

Ban yi doguwar tafiya ba tun da aka ƙaddamar da shari'a, don haka ban san sabon tsarin mota ba. Na kama kujerar bayan direba saboda gwiwata, ɗan kamasho ya zo ya ce, “Hajiya, mata baya.”

Na ce, “Yaro, na yi jika da kai.”

Ya ce, “Ko kin yi tattaɓa-kunne da ni, Hajiya, baya dai.”

Haka na koma can ƙurya tsakanin buhun barkono da wata mai jego, na yi ta atishawa har muka wuce Kiyawa. Duk hanya ina shirya maganar da zan gaya wa Yaya. In ya ce gadonsa ne, ga abin da zan ce. In ya ce ya bar wa 'ya'yansa, ga abin da zan ce. Har kukan da zan yi sai da na tanada.

Na sauka Jahun ranar kasuwa, gari ya cika ya batse, sai da na tambaya sau uku kafin na gane gidan. A zaure na hango shi zaune a kan buzu, magidanta sun kewaye shi da littattafai, gemunsa ya yi fari fat. Na sunkuyar da kai na wuce ciki. Matarsa da na sani ta rasu tuni, wannan wadda ya aura daga baya ce, ban taɓa ganinta ba. Ta amsa sallamata, ta dubi jakata ta ce, “Baiwar Allah, in dillaliya ce muna da tsofaffin kwanoni.”

Na ce, “Ki ce wa Malam ƙanwarsa ce, Asabe ta Dutse.”

Ta ce, “Au, Malam yana da ƙanwa a Dutse?”

Ba da mugunta ta faɗa ba, har kunya ta ji, ta yi sauri ta shimfiɗa min tabarma ta damo fura. Amma ni furar kurɓa ɗaya na yi na ajiye.

Sai bayan azahar Yaya ya shigo. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi nasa. Na gyara zama, na ɗauko maganar keke a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya dubi matarsa ya ce, “Wannan baƙin ƙarfen? Yana nan kuwa? Ke, duba ƙarƙashin gadon ɗakin baya. Ki ɗauka mana, Asabe, ai kin rage mana kaya.”

Shi ke nan. Duk maganar da na yi guzuri ba wadda na taɓa. Aka jawo kan, zanzaro ya yi gida a cikinsa, ƙura ta rufe zanen. Amma tsumman da Inna ta ɗaura a wuyansa don soka allura yana nan, har da wata allura da ta yi tsatsa a jiki. Na nuna wa Yaya na ce, “Ka tuna?” Ya duba ya ce, “Allah ya jiƙan Inna.” Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, mai kyau ƙwarai. Da ya shafa ya ce in hanzarta kada motar Miga ta tashi ta bar ni. Yaya ba mugun mutum ba ne, ɗalibai na jiransa. Ni dai na so ko da wasa ya ce in kwana, ko ya ɗan hana ni keken.

A tasha na sayi kananzir na zauna gindin bishiya na wanke kan, na fasa gidajen zanzaron da tsinke. Na juya wilin da hannu, ya ƙi, na ƙara kananzir na lallaɓa shi, can sai ya saki ya juya. Sai ga matsalar ɗauka. Abu ne mai nauyin tsiya, ba shi da marfi ba shi da mariƙi, a ka ya zame, a hannu ya tsinka kafaɗa. Sai na naɗe shi da tsohon zani, na goya shi a baya, na ɗaure da majanyi, na saki hijabi a kai.

Motar Miga akori-kura ce, hanyar kuma ruwa ya cinye ta, rabi tafiya rabi turi. Ina zaune a bakin buhu, wata tsohuwa ta yi ta harara ta. Da ta kasa daurewa ta ce, “Ke kuwa wace irin uwa ce? Zafin nan, kin rufe yaro ruf, ko motsi ba ya yi! Juyo da shi ya sha iska.”

Na ce, “Iya, ba ya jin zafi.”

Ta ce, “Ji min mace!” Ta kai hannu ta ɗaga hijabin da kanta, ta ci karo da wili. Salatin da ta saka sai da direba ya taka birki. Motar nan kaf aka yi ta dariya, wani ya ce a tambaye ni ko an yi masa suna. Ni ma na yi dariya har da hawaye, rabona da irinta na manta.

Mun isa Miga rana ta faɗi, aka ce masu fito sun tashi, sai gobe. Ban san kowa a garin ba. Ina tsaye da goyona ina dube-dube, wata mai tuwo a bakin tasha, ana ce mata Gwaggo Hanne, ta yafito ni ta ce in zauna. Ta zuba min tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi, irin wanda in kin ci a Dutse sai kin ba da labari. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta tambaye ni ko daga ina nake ba sai da na wanke hannu. Mu nan tun da gari ya zama babban birnin jiha, baƙo bai gama sallama ba za a tambaye shi wace ma'aikata yake. Can kuwa sai ka ƙoshi ake son sanin sunanka.

A ɗakinta na kwana. Da safe ina naɗe tabarma idona ya faɗa kan wani keken hannu da aka tokare ƙofa da shi, ƙarami, zanensa ko gogewa bai yi ba. Kun san hali, nan take na tsuguna ina shafa shi. Na ce, “Gwaggo, wannan fa? Ai ya fi ƙarfin tokare ƙofa. Ki sallama min.”

Ta ce, “Na 'yata ne. Ta tafi Makka neman arziki, ta ce in ajiye mata.”

“Yaushe za ta dawo?”

“Wanda ta bari a goye yanzu shi ke yi min noma,” in ji ta. Ta ci gaba da kwashe toka. Ban ƙara tayawa ba. Na ɗiga masa mai, na goge shi, na mayar da shi bakin ƙofar yadda na same shi.

Daga Miga zuwa bakin kogi sai acaɓa. 'Yan acaɓan suka yi ta kallon juna, kowa na tsoron a gan shi da mace a baya. Can wani mai ɗan shekaru ya ce, “Hajiya, mene ne a bayanki?” Na nuna masa. Ya ce, “Alhamdu lillahi, ga katanga. Kwance shi ki sa a tsakaninmu.” Haka aka yi, shi a gaba, keken Inna a tsakiya, ni a can ƙarshen kujera ina riƙe da ƙarfe ina karanto duk addu'ar da na iya. Kowane rami muka faɗa wilin sai ya doke shi a baya, ya ce wash, ni kuma in ce sannu.

Ni 'yar tudu ce, ruwan da na sani na rijiya ne. Da na ga kogin ya cika har ya shanye gonakin shinkafa sai na ja da baya. Mai fito ya ce ƙarfe a tsakiyar kwalekwale yake zama, mutum a gefe. Na ce ni da shi ba ma rabuwa. Ya ce, “To Hajiya, in mun kife ki riƙe shi da kyau, zai kai ki ƙasa da wuri.” Na miƙa masa ba musu. Mutanen hayin nan gaisuwarsu ma daban ce. Mu muna cewa ina gajiya, ya aiki, su kuwa kowa ka gamu da shi sai ya ce ya ruwa, a ce masa ruwa ya yi gyara, ko da ya cinye wa mutum rabin gona.

Wata yarinya ta nuna min gidan. Na yi sallama, wata mata ta ɗago daga bakin murhu, sai na ga Inna. Wallahi Inna sak, har yadda take kare ido da hannu. Larai ce, autarmu da na goya, ta tsufa ta bar ni. Ta yi tsaye da muciya a hannu, can ta ce, “Yaya?” Ta yar da muciyar ta rugo ba takalmi ta rungume ni, ta ji ƙarfe a bayana, ba ta ma tambaya ba. Muka yi ta kuka a tsakar gida, awaki na kallonmu.

Mijinta ya yanka min zakara, ya kuma kawo kifi ɗanye. Matan ƙauyen suka yi ta zuwa gaishe ni, wannan da ƙwai, wannan da nono, kowacce sai ta ce, “Ashe ke ce Yayar Dutse.” Duk sun san sunana, sun san sunayen 'ya'yana, har sun san ina da tabon ƙuna a hannu. Larai ta yi shekaru tana ba su labarina.

Tun daren farko na ga ƙafafun. Suna ɗakinta, ta ɗora musu katako, a kai ga akwatinta da buhun iri. A can kowa yana ɗage kayansa sama saboda ambaliya, kana ganin layin da ruwa ya bari a jikin bango. Amma ƙarfen nan ko ɗigon tsatsa babu, tana shafe shi da man gyaɗa. Da hantsi na shigo na same ta zaune a kan kujera, ƙafarta a kan matakin, tana taka shi a hankali, babban wilin yana juyawa ba bel ba komai. Ta ce haka take yi in ta gaji, yana sa ta barci.

Sai da na kwana biyu na iya buɗe baki. Muna tsince shinkafa na kwance zanin na nuna mata kan. Ta shafa tsumman Inna. Na gaya mata rashin lafiyata, na gaya mata niyyata, na ce in ta yarda zan sa kafinta ya yi mata teburi mai tsayi wanda ya fi wannan, ni kuma in tafi da ƙafafun.

Ta ce, “Ashe ƙarfe kika zo ɗauka.”

Na ce, “Haba Larai, ai na zo in gan ki.”

“Da ƙarfen nan ba ya gidan nan, da kin hau kwalekwale?”

Na ci gaba da tsince shinkafar, don ban iya yi mata ƙarya ba.

Ta ce, “Yaya, ba zan bayar ba. Ki yi fushi in za ki yi. Kin karɓi na Yaya Habu, yanzu me zai sake kai ki Jahun? In na ba ki wannan kika haɗa abinki kika rufe ƙofa, sai dai in ji a bakin direba. Tun da aka kawo ni garin nan nake cewa wata rana ɗayanku zai biyo ƙafafun nan. To kin biyo. Suna nan, ba inda za su.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ita tana da miji da jikoki da gari guda masu kawo mata ƙwai, ni ba ni da kowa sai ƙarafa, ɗan abin da na roƙa ma ta hana ni. Ta ce, “Kina da ni,” ta ɗauki farantin shinkafar ta fita. Ranar ba mu ƙara wata doguwar magana ba.

Washegari na ce zan tafi. Ba ta hana ni ba. Ta ƙulla min shinkafa da busasshen kifi da kuka, na goya kan keken, ta ɗauki ƙullin a ka ta rako ni. A can ba a sallamar baƙo a ƙofar gida, sai an kai shi bakin ruwa. Muna tafe a kan kunyar gona, ita a gaba ni a baya. Ina kallon dugaduganta duk sun faffashe, ina jin ƙarfen yana danna min ƙashin baya. Na tuna ɗakina, na ga kaina na shiga da wannan kan na ajiye shi a ramin teburin, ya zauna daidai, sannan in zauna ina kallonsa shi ma.

Mai fito ya matso da kwalekwale ya miƙo hannu ya karɓi kayan. Na kwance majanyin, na sauke kan, sai na juya na miƙa wa Larai.

Na ce, “Riƙe min. Ya yi min nauyi.”

Ta karɓa da hannu biyu ta rungume shi a ƙirji. Ta ce, “Yaushe za ki zo ki ɗauka?”

Na ce, “In an yi girbi.”

Ta ce, “Ruwa ya janye lokacin, da ƙafa ma za ki tako.”

Har muka kai tsakiyar kogi tana tsaye a wurin da abin a hannunta, ba ta ajiye shi a ƙasa ba.

Na iso Dutse da la'asar. Na buɗe ƙofa na yi sallama kamar yadda na saba, ba wanda ya amsa, ƙura ta hau kan kekunan. Na share ɗakin, na dafa shinkafar Larai, na ci ni kaɗai, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka.

Wadda na fara ba wa labarin nan ta ce abu mai sauƙi, in ɗora teburin a mota in kai can a haɗa keken a huta. Na gode da shawara, amma ba zan kai ba. In na je bayan girbi zan ce ta ba ni ƙafafun, za ta hana, ni ma in hana ta teburin. Na riga na gaya wa mai fito ya riƙa ganina ke nan.